Kwali Mai Huda Uku

Asabar ce, ruwan daren jiya bai gama tsanewa ba,
na goya Uwani a tsohon babur ɗina,
muka bi ta Kwangila, muka miƙi hanyar Basawa,
tana riƙe da rigata ta baya
kamar ranar da na fara kai ta makaranta.

Shekararta sha uku. Wata biyar tana naci.
Uwarta ta ce, "Ku kuka sani, kai da 'yarka,
ka dai dawo min da ita da yatsunta goma."

Kofur Yohanna na bakin ƙofa da rajista,
ya gan ni ya ƙame don tsokana,
ni da na tuɓe kaki tun bai yi furfura ba.
Ya ba mu ƙaramar bindiga ta 'yan koyo,
harsashi biyar a murfin gwangwani,
da audugar toshe kunne.
Ni ɗaya na toshe.
Na hagu ya riga ni yin ritaya.

Na ce, "Kafin ki taɓa, ji nan.
Babu bindigar da babu komai a cikinta,
ko da idonki ya ga an zazzage.
Bakinta ba ya gaisuwa,
kada ki nuna shi inda ba ki yi nufi ba.
Yatsa kuma baƙo ne a wurin kunama,
sai an yi masa iso yake shiga."

Ta kwanta rub da ciki bayan buhun yashi,
jar laka ta ɓata mata gwiwar wando.
Na gyara mata kafaɗa, na danna kumatunta a kan katako.
"Ja numfashi. Saki rabi. Riƙe sauran."

Tau!
Ƙasa ta yi tsalle can gefen tudu,
kwali ko gezau.
Ta juyo tana dariya, ni ma na yi,
amma hannuna na kan bakin bindigar
ina mai da shi gabas, inda ba kowa.
Ta gani. Dariyar ta tsaya. Ba ta sake ba.

Na biyu ya tafi neman na farko.
Na uku ya ciji kunnen kwali.
Wani ƙaramin jirgin 'yan koyon tuƙi
ya ratsa ta kanmu yana tangaɗi,
na ce a raina, yau ranar masu koyo ce sama da ƙasa.

A na huɗu ne ƙadangare ya hau allon,
jan kai, ya tsaya daidai saman baƙin ɗigo
yana gyaɗa mana kai kamar mai karɓar haraji.
Ban ce komai ba. Ina kallon yatsanta.
Ya fito daga zoben a hankali,
ya miƙe a gefen ƙarfe, ya jira.
Yohanna ya duba agogo, ya yi gyaran murya.
Ta jira.
Har mai jan kai ya gama abin da ya kawo shi ya sauka.

Sannan biyu a jere, kusa da juna
kamar idanun allura.

Shekara ashirin da shida ina koya wa ƙarti harbi,
sau nawa na ga wanda ya iya fasawa?

A hanyar dawowa mun tsaya sayen masara gasasshiya.
Ta ɗaga kwalinta sama,
rana ta zubo ta huda uku a kan fuskarta.
Ta ce, "Baba, kai ka taɓa harbin abin da ba kwali ba?"

Ta kunnen dama ta tambaya, mai ji.
Na biya mai masara, na ƙirga canji sau biyu,
na ce, "Hau mu tafi, hadari na haɗowa ta Kufena."

Ta hau. Ba ta maimaita ba.
Sai dai wannan karon ba riga ta riƙe ba,
ni ta riƙe.